Tarihin Gasar Su ta Argungu

Tsakanin Birnin Kabi da Argungu akwai wata fadama mai faɗi ƙwarai, wadda Gulbin Kabi ya ratsa ta tsakiyarta. Wannan gulbi ruwan Rima ne da na Gulbin Sakkwato, bayan sun gamu kusa da birnin Sakkwato suka gangaro tare, har su je su zuba cikin Kwara. A bakin fadamar nan garuruwan Kabawa su ke jere, kamar su Augie da Argungu da Sauwa da Gulma. Da damina ruwa ya kan malale ta, a noma shinkafa. Da rani ya kan janye, ya bar gurabu masu zurfi cike da kifi. Sabo da haka yaron da aka haifa a Gulma ya kan tashi da sana'a biyu, watau noma da su.

A cikin wannan gulbi, a wani wuri da a ke kira Matan Fada a gefen Argungu, a ke yin gasar su wadda sunanta ya kai ƙasashen duniya. Mutane da yawa sun ji labarinta a rediyo, waɗansu sun ga hoton masunta dubbai suna rugawa cikin ruwa. Amma ba kowa ya san cewa wannan wasa ya tsiro ne daga gabar da ta kusa shekara ɗari ba. Wanda kuwa bai san labarin gabar ba, ba zai gane dalilin da ya sa Kabawa su ke tsananta dokokin wasan ba.

Asalin gabar

Wajen shekarar 1516 Muhammadu Kanta ya ɓalle daga ƙarƙashin Askiya Muhammadu, Sarkin Sanwai, ya kafa mulkin Kabi. Ya gina birninsa a Surame, wanda kufansa da ragowar ganuwarsa ta dutse suna nan har wa yau. A zamaninsa Kabi ta yi ƙarfin da ta kara da Barno. Bayansa, wajen farkon ƙarni na 18, Sarkin Kabi Tomo ya mai da gidan sarauta Birnin Kabi, wanda a ke rubutawa Birnin Kebbi yanzu.

Da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi, rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi a shekarar 1805. Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita da waɗanda suka bi shi, ya yi ta yaƙi har aka kashe shi a 1826. Sama'ila Karari ya gaje shi, ya zauna Argungu. A bakin mutane, an ce sunan garin ya samo asali ne daga kiran da Kabawa suka yi wa juna na su yi gungu wuri guda. A 1831 rundunar Sakkwato da ta Gwandu suka taru a kan Karari. Da ya ga babu mafita, aka ce sai ya sauka daga doki, ya zauna bisa garkuwarsa, ya jira ajalinsa. Aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato, ya yi shekaru da yawa a can.

A zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba aka sake wa Yakubu Nabame, ya komo ƙasar iyayensa. A 1849 ya ta da tutar Kabi a Argungu, Arawa da Dandawa da Zabarmawan Dosso suka goya masa baya. Tun daga ran nan fadamar Kabi ta zama iyaka tsakanin abokan gaba. Gulma tana hannun Argungu, Ambursa tana hannun Gwandu, abin da ke tsakaninsu bai wuce tafiyar rabin yini a ƙasa ba. Manomi ba ya nisa da ganuwa sai da baka da kwari a kafaɗa. Masunci in ya shiga gulbi bai san wanda ke laɓe cikin ciyawa ba.

Yakubu Nabame ya rasu a fagen fama a 1854. A zamanin Abdullahi Toga aka yi sulhu a 1867, wanda a ke kira Lafiyar Toga, amma bai wuce kamar shekara takwas ba aka koma gidan jiya. Sa'an nan Sama'ila, wanda a ke yi wa laƙabi da Sama, ya hau gadon Kabi a 1883. Shi ne ya kori rundunar Sarkin Musulmi Abdurrahman daga bakin Argungu a 1892. Ana cikin wannan hali Turawa suka iso. Sama'ila ya karɓe su da lumana, kuma da suka nufi Sakkwato a 1903, wani sashe na rundunarsu daga Argungu ya tashi.

Turawa suka haɗa Sakkwato da Gwandu da Argungu da Yawuri cikin lardi guda, watau Lardin Sakkwato. Hari ya ƙare, hanyoyi suka buɗe, fatake suka shiga kai da kawowa. Amma hana yaƙi daban, wanke zuciya daban. Akwai tsofaffi a Argungu waɗanda aka kashe iyayensu a gabansu, akwai irinsu a Gwandu da Sakkwato. Shekara talatin aka yi ana zaman doya da manja cikin lardi ɗaya.

Zuwan Sarkin Musulmi Hasan

A shekarar 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya taso daga Sakkwato ya zo Argungu ziyarar zumunci, zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Wannan babban al'amari ne ga mutanen wancan lokaci, gama kakanninsu ba su saba ganin Sarkin Musulmi a bakin ganuwarsu ba sai da runduna. Sarki da 'yan majalisarsa suka yi shawarar abin da ya kamata a nuna wa irin wannan baƙo. Hawan dawaki akwai shi a Sakkwato, dambe da kokawa akwai su ko'ina cikin ƙasar Hausa. Abin da aka san Kabawa da shi, wanda babu mai ja da su a kansa, shi ne aikin ruwa. Sai aka yi shela ga masuntan garuruwa su taru a yi babban su.

To, su na gayya ba sabon abu ba ne a Kabi. Tun kafin jihadi akwai al'adu huɗu da a ke yi kowace shekara, watau gyaran ruwa, da fashin ruwa, da gyaran gari, da shan kabewa. Fashin ruwa shi ne buɗe gulbi ga masunta bayan an daɗe da hana shiga. A dā waɗannan al'adu suna haɗe da yanke-yanke da roƙon iskokin ruwa. Da ya ke baƙon da za a tara Sarkin Musulmi ne, aka ajiye wannan gefe, aka bar zallar gwanintar kamun kifi. Sarkin Musulmi ya zauna a bakin gulbi ya yi kallo, jikokin waɗanda suka yi yaƙi da kakanninsa suna fitowa da kifi suna zubewa a gabansa. Daga wannan rana a ke ƙirga shekarun gasar.

Dokokin ruwa

Abin da ya bambanta gasa da yaƙi shi ne doka wadda kowa ya yarda da ita tun kafin a fara. A yaƙi kowa ya kan zo da makamin da ya samu, ya faɗa wa abokin gaba a lokacin da ya ga dama. A Matan Fada ba haka ba ne.

Dokar farko ita ce ta haƙuri. Ana hana kamun kifi a wannan sashe na gulbi tsawon shekara, domin kifi ya samu wurin fakewa ya girma. Masuncin da gidansa ke kusa yana ganin manyan kifaye suna juyi, ga iyali suna bukata, amma dole ya kau da kai. Masu tsaron wannan doka su ne Sarkin Ruwa da Homa, shugaban masuntan Argungu. Sarkin Ruwa ne ke fara shiga gulbi ya duba shi kafin ranar su, babu mai tsoma ƙafa sai ya ba da izini. Mutane da yawa sun yi imani cewa shi ke sallamar kadoji su kauce har a gama.

Doka ta biyu ita ce ta kayan aiki. Kowa da homa da gora ya ke shiga. Homa taru ne na hannu mai baki kamar baka, a kan riƙe ɗaya a dama ɗaya a hagu, a buɗe su cikin ruwa kamar fikafikai, sa'an nan a haɗe su a kan kifi. Gora kuwa babba ce, mai baki a sama. Masunci ya kan kwanta a kanta ta ɗauke shi bisa ruwa, in ya kama ƙaramin kifi ya jefa ciki. Babu jirgi mai inji, babu babban taru na zamani. Da haka mai kuɗi da talaka su ke zama daidai a cikin ruwa, ba abin da zai fifita wani sai ƙarfin numfashi da sanin maɓoyar kifi da rabo.

Doka ta uku ita ce ta lokaci. Masunta su kan yi sahu nesa da gaɓa, kowa da gorarsa a kai ko a kafaɗa. Sai an buga bindiga su ke rugawa. Cikin ɗan lokaci gulbi ya kan cika har ba a ganin ruwa sai kawuna da goruna, makaɗa suna bin su cikin jirage suna kiɗa suna zuga su. Kamar sa'a guda a ke yi. Wanda ya kama babba ya kan jawo shi zuwa gaban rumfar sarakuna, a ɗora bisa ma'auni a gaban jama'a. Kifin da ya kan ci gasa galibi giwan ruwa ne. A 2005 an fid da wanda ya kai kilo 75, sai da ƙarti huɗu suka taru kafin a ɗaga shi.

Wasannin samari

Babban su rana ɗaya a ke yinsa, ita ce ranar ƙarshe. Kwanakin da ke gabanta na samari ne, kuma a nan ne garuruwa su ke gwada 'ya'yansu. Wasannin ruwa su a ke kira kabanci. A cikinsu akwai tseren jirage, da tseren iyo, da iyo bisa gora, da nitso don a ga wanda zai fi daɗewa a ƙarƙashin ruwa, da kamun kifi da hannu ba tare da homa ba. Akwai kuma kamun agwagwa, inda a ke sakin agwagwar ruwa samari su bi ta da iyo, tana nitsewa suna nitsewa, 'yan kallo suna ta dariya.

Wanda ya dubi waɗannan wasanni da kyau zai ga kowannensu darasi ne na sana'a. Yaron da ya iya daɗewa a ƙarƙashin ruwa shi ne gobe zai bi giwan ruwa cikin gurbinsa. Wanda ya gwanance da tuƙi shi ne zai ƙetar da mutane da kayansu in fadama ta cika. Babu makarantar da a ke koyar da wannan sai bakin gulbi, daga uba zuwa ɗa, daga wa zuwa ƙane. Saurayin da ya ci tsere a Argungu kuwa, ba sunansa kaɗai a ke kira ba, har da na garinsu. In ɗan Gulma ne, Gulma ta ci. In ɗan Augie ne, Augie ta ci. Sabo da haka tsofaffin kowane gari su kan sa ido a kan yaransu tun suna wasa a tafki.

A tudu kuma ana yin kokawa da dambe, waɗanda tun dā samarin ƙauyuka su ke yi da kaka bayan an kai amfanin gona gida. Arawa sun shahara a kokawa, haka maƙwabtansu na hayin iyaka. A ƙasar Nijar ma an mai da kokawa gasa tsakanin jihohi tun 1975, da aka fara a Tawa, ana ba wanda ya kada kowa takobi. 'Yan kokawar Nijar su kan zo Argungu su kara da na Nijeriya. Hanyar da kakanninsu suka biyo da dawaki don taimakon Yakubu Nabame, ita jikoki su ke biyowa da makaɗa.

Daga hannun En'e zuwa hannun gwamnati

Shekaru da yawa sha'anin gasar yana hannun Sarki da En'e ta Argungu. A cikin wannan zamani ne aka gina sabon gidan sarauta a 1942, tsohon gidan kuma, inda kaburburan sarakuna su ke, aka mai da shi gidan ajiye kayan tarihi a 1958, aka sa masa sunan Kanta. Wanda ya shiga zai ga masu da takubba da sulke na zamanin yaƙi, ga kuma homa da gora da sauran kayan su, duk a gida ɗaya.

Bayan an yi jihohi a 1967, Argungu ta faɗa cikin Jihar Arewa maso Yamma, gwamnati ta shigo da kuɗinta da ma'aikatanta. A 1970, shekarar da yaƙin basasar Nijeriya ya ƙare, Shugaban Ƙasa Janar Yakubu Gawon ya halarci gasar tare da Shugaban Nijar Alhaji Diori Hamani. Zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Mera ke nan, wanda ya yi sarauta daga 1959 zuwa 1996. Daga nan baƙi suka riƙa zuwa daga nesa, aka gina masauki, aka ƙara nunin amfanin gona. A 1976 gasar ta koma hannun Jihar Sakkwato, a 1991 kuma ta koma hannun Jihar Kebbi, wadda hedkwatarta ke Birnin Kabi. Watau garin da aka fitar da Hodi daga cikinsa a 1805, daga nan a ke shirya bikin jikokinsa.

Shigowar gwamnati ta kawo girma, ta kuma kawo jarraba. A dā ladan gwani shi ne kirari da kyautar Sarki. Da aka fara ba da mota da kuɗi masu yawa da kujerar Makka, sai kwaɗayi ya samu ƙofa. A 2008 an ba wani mutum nasara da kifi mai nauyin kusan kilo 66. Daga baya masunta suka yi ƙorafi, aka bincika, aka tarar kifin matacce ne aka shigo da shi daga wani wuri aka ɓoye cikin ruwa. Aka karɓe kyautar. Abin kunya ne, amma ya nuna cewa masu ruwan ba su yarda a yi wasa da dokarsu ba, ko da za a ji kunya a gaban baƙi.

Shekarun da aka fasa

Daga 1934 zuwa 2020 shekara 86 ke nan, amma bikin 2020 shi aka ƙirga na 60. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna cewa an sha fasawa. Dalilai biyu ne manya a zamanin nan.

Na farko ƙarancin ruwa. An gama madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, aka kuma gina ta Goronyo a kan Rima a shekarun 1980. Madatsun nan suna da amfani ga noman rani da ruwan sha, amma sun sauya yadda ambaliya ta ke sauka fadamar Kabi. Kifi kuwa a cikin ciyawar da ambaliya ta rufe ya ke hayayyafa. Ga yashi da laka suna cike gurabu, ga shekarun fari. A 2006 ruwan Matan Fada ya yi ƙasa har hukuma ta hana shiga su a bikin wannan shekara.

Na biyu rashin zaman lafiya. Bayan bikin 2009, tashin hankalin da ya addabi arewacin Nijeriya ya sa aka dakatar da taron har shekara goma. Yaron da ke da shekara goma a lokacin, sai da ya zama saurayi bai ga babban su da idonsa ba. A cikin wannan tsakani ne, a 2016, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa bikin cikin jerin al'adun da 'yan Adam duka suka gada. A watan Maris na 2020, zamanin Sarkin Kabi Sama'ila Muhammadu Mera, aka sake buga bindiga a Matan Fada, Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya zo buɗe bikin. Wani masunci daga ƙasar Augie ya fid da kifi mai kilo 78.

Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Kabawa sun ɗanɗana duka biyu. Sun riƙe sarautarsu da kaifin mashi daga zamanin Hodi har zuwa na Sama, ba a ci Argungu ba bayan 1849, amma a duk tsawon wannan lokaci ba wanda ya isa ya tara dubban mutane ba makami a bakin gulbi. Sai da aka yi sulhu wannan ya yiwu, kuma da zaman lafiya ya yi rauni a zamanin nan, taron ya tsaya.

Sabo da haka nauyin gasar ba a kan gwamnati kaɗai ya ke ba. Gwamnati tana iya gina rumfa, ta sayi mota ta ba gwani, ta yashe gulbi. Amma kiyaye hanin shekara yana wuyan masuncin da ke kwana kusa da Matan Fada, koya wa yaro riƙon homa kuma yana wuyan ubansa a Gulma ko Sauwa ko Augie. Muddin ana yin waɗannan biyu, ranar da aka buga bindiga za a samu kifi a cikin ruwa, a kuma samu masu kama shi. Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, ya ba da damina mai albarka.